Molu da Tayar Gari

Molu Katelo yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara talatin da ɗaya shi ne direban ƙauyenmu a gindin duwatsun Hurri. Ba wai ya fi kowa iya tuƙi ba ne, shi kaɗai ke da mota. Wata tsohuwar jif ce mai buɗaɗɗen baya da ya saya a hannun masu haƙa rijiya. Amarya, gawa, buhun sukari, akuya mai karyayyar ƙafa, babu abin da ba ta ɗauka ba.

Gajere ne, ba shi da yawan magana, kullum yana tauna ganyen mira mai hana barci a kumatunsa na dama. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa mota, yashi da duwatsu suka koya masa. In yana tuƙi yakan karkata kai gefe ɗaya yana sauraron inji, in ka yi masa surutu ya ɗaga maka hannu. Ni wannan ɗaga hannun haushi yake ba ni tun muna yara, don ni bakina ba ya shiru.

A motarsa akwai wata ƙaramar sandar giya, ta fo-wil, wadda ke sa ƙafafu huɗun su ja tare. Tun da daɗewa sandar ta riƙa fita da kanta in an shiga gargada, sai Molu ya ɗaure ta da waya a jikin kujera, ya manta da ita. Me zai sa ya tuna? Hanyarmu daga yashi sai tsakuwa, babu inda mutum zai ce ba ya bukatar ƙafa huɗu.

Safaya kuma ba shi da tasa, don a wajenmu ba a mallakar safaya. Guda ɗaya ce jingine a bangon shagon Adho, muna ce mata tayar gari. Duk motar da za ta yi nisa, tamu ko ta baƙi, sai ta ɗauka, in ta dawo ta ajiye. Wadda ke wurin a lokacin wata ƙaramar motar 'yan rigakafi ce ta bari. In ka jera ta da tayoyin Molu, ta gaza su da kusan yatsa uku. Amma mu ramukan noti muke ƙirgawa. Shida ne? Shida ne. To taya ta yi. Molu ya sha sa ta, ya je ya dawo lafiya.

Da aka shimfiɗa kwalta ta bi ta Turbi zuwa Marsabit, kowa ya yi murna ban da shi. Ya ce hanya ce ta masu barci a kan sitiyari. Yakan kai mutane Turbi, ya sauke su a bakin titi su hau bas, ya sha shayi ya juyo. Shekara uku tayarsa ba ta yi tafiyar kirki a kan kwaltar nan ba.

Ranar wata Laraba da hantsi, mijina Elema ya je janye ƙayar da ke rufe garken raƙuma, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Ya kashe ta, ya taho gida da ƙafarsa yana cewa ba komai. Malamar asibitin ƙauye ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta ga jini na tsattsafowa. Ta ja ni gefe ta ce maganin dafin nan sai babban asibitin Marsabit, kuma kada mu bari rana ta faɗi ba mu isa ba.

Muka sa shi a gaban mota, tsakanina da Molu. 'Yarmu Arbe, tana da shekara goma sha biyu lokacin, ta bi motar da gudu har rijiya.

Bayan tafiyar awa biyu, wani baƙin dutse mai kaifi ya tsaga tayar gaba ta hagu. Molu ya sauka, ya sa jak, ya ɗaura tayar gari. Da ya sauke motar sai ta ɗan karkata gefe. Elema ya leƙa ta taga ya yi dariya, haƙoransa ja.

"Suruki, motarka ma an sare ta ne? Ga shi tana ɗingishi irin nawa."

"Kai dai riƙe jininka a jikinka," in ji Molu. "Kada ka ɓata mini kujera."

Daga nan har Turbi ba abin da ya faru. Yashi ne, motar na tafiyarta yadda ta saba. Amma ƙafar Elema ta kumbura har gwiwa, kuma wani tsohon tabo a hannunsa, na shekara da shekaru, ya buɗe yana ɗiga.

Mun isa Turbi rana tsaka. Bas ɗin safe ya wuce, ba wani sai gobe. Molu ya tsaya a bakin kwalta yana kallonta kamar mai shirin shiga kogi. Sai ga Hirbo mai faci ya taso daga rumfarsa, yana goge hannu a wando. Ya zagaya motar, ya tsuguna a gaban tayar gari, ya leƙa ciki ya ga wayar nan.

"Dattijo, ina za ka da wannan?"

"Marsabit."

"A haka? Gajeruwar taya a gaba, fo-wil a ɗaure? Nan ba yashi ba ne, Baba. A yashi gajeruwar takan zame ta huta. Kwalta ba ta sakin ƙafa. Gaba na neman gudunta, baya na neman tata, ƙarfen tsakiya ne zai sha murɗa har ya fashe."

"Shekarata nawa ina sa tayar nan?"

"A kan kwalta?"

Hirbo ya ce a ba shi minti ashirin, ko ya kwance wayar ya saki sandar, ko ya lalubo taya daidai a bayan rumfa. Na ga hannun Molu ya kai kan makulli zai kashe mota.

A daidai nan Elema ya yi tari, jini ya zubo mini a zane. Ni kuwa sai na buɗe bakin nan nawa.

"Yaya, minti ashirin? Ba ka ganinsa ne? Mai faci zai koya maka mota yau? Ciniki yake nema! Wallahi in ka kashe motar nan, in Baban Arbe ya mutu, kai ka kashe shi. Ja mu tafi!"

Ya dube ni. Ya ɗaga hannun nan nasa rabi, sai kuma ya sauke shi a kan giya. Muka hau kwalta, Hirbo na tsaye a baya ya ɗora hannu biyu a ka.

Da farko santsi, har na ce a raina ka ga ni. Ba mu yi nisa ba sitiyari ya fara yi masa tauri, na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. Sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashinmu, ba na inji ba, wani daban, yana ƙaruwa a hankali. Tayoyin gaba suka riƙa wani ƙiiƙii a kowace 'yar kwana. Ƙasan motar ya ɗau zafi har na ɗage ƙafafuna, ga warin mai yana ƙonewa. Molu ya karkata kai yana saurare, kuma ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Ya warware wayar da hannu ɗaya, ya ja sandar. Ko motsi. Ya buge ta da tafin hannu. Ta riga ta cije.

"Sabdio, dole in tsaya in ɗaga ta a jak, ta saki."

"Ga Bubisa can mun wuce. Ga dutsen Marsabit ana gani. Taka kawai!"

Ya taka.

Ƙarar da ta yi, na ɗauka harbinmu aka yi. Motar ta yi tsalle, wani ƙarfe ya riƙa dukan ƙasanta, Molu ya yi ta kokawa da sitiyari har muka tsaya a gefen titi. Baƙin mai ya malalo a kan kwalta yana hayaƙi. Molu ya shiga ƙarƙashi, ya fito da gutsuren ƙarfe a tafinsa, ya tsaya yana kallonsa.

Fili ne fetal, baƙaƙen duwatsu ko'ina, babu ko itacen da za a fake. Wayar hannu ba ta kamawa. Muka yi wa Elema inuwa da mayafina. Molu ya tsaya a tsakiyar titi ya buɗe hannu, haka ya yi ta tsayuwa kusan awa uku. Ƙananan motoci biyu suka kauce masa suka wuce, don a wannan yankin ba kowa ke yarda ya tsaya ba. Elema ya daina wasa. Ya ce ƙishi, ya ce in kula da raƙumar nan mai ciki, daga baya ya daina cewa komai.

Wata babbar mota mai ɗauke da awaki ce ta tsaya mana. A bayanta, cikin awaki, muna hawan dutsen Marsabit, sanyin garin ya fara taɓa mu, na ji kan Elema ya yi nauyi a cinyata, rai ya yi halinsa.

Kafin a yi kwana bakwai labari ya gama ƙasarmu: an gargaɗi Molu a Turbi, girman kai ya hana shi ji. Hirbo gaskiya ya faɗa, iyakar abin da ya ga ya dace ya faɗa. Bai ambace ni ba, don wa zai ce mace ce ta tuƙa direba? Dangin Elema suka zo suka zazzage wa Molu magana a gaban dattawa, yana zaune kansa a ƙasa. Ina bayan bukka ina ji, ban fito ba.

Molu bai je ɗauko motar ba, masu sayen ƙarfe suka kwashe ta. Yanzu shekara shida ke nan yana kiwon raƙuman Elema, kowace safiya ya kawo mana madara a ƙwarya ya ajiye a ƙofa. Arbe ba ta gaishe shi. Madarar ma ba ta sha, sai dai ta ɗauke kai ta shige ciki, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Abin nan yana cina, kuma kunya nake ji wadda ban san inda zan kai ta ba.

Watan jiya na tare shi a bakin garke, na ce na gaji, yau zan zaunar da Arbe in gaya mata wanda ya ce a ja mota a Turbi, da wanda ya ce a taka bayan Bubisa. Ya ci gaba da tatsa, bai ɗago ba.

"Uba ta rasa, Sabdio," ya ce. "Ki bar mata uwa."