Taurarin Malam Gidaɗo

Malam Gidaɗo ya baro Damagaram ne don karatun fiƙihu, amma ya ɓuge da Latin, harshen da masu shi suka mutu tun tuni, ba su bar masa ko abokin gaisuwa ba. Shekararsa ashirin yana aiki a wata makarantar 'ya'yan masu hali a unguwar Ma'adi, can birnin da ya je karatun. Ba ya koyarwa. Shi dai ya auna wahalar darasin Latin da za a ba yara, ya buga masa tauraro: ɗaya ga mai sauƙi, biyar ga mai sa kuka.

Ma'auninsa metro ne, jirgin cikin gari mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda ke kai shi aiki. Da ya samu kujera a tashar Ainu Shams sai ya buɗe takarda ya hau fassara. In ya gama kafin Matariya, tasha ta gaba, tauraro ɗaya. In aka kai Wustul Balad, wato tsakiyar gari, uku. Wanda ya raka shi har Ma'adi, biyar. Yana taƙama da wannan dabara kamar shi ya haƙa ramin jirgin.

Bana malamai suka fara gunaguni, wai komai ya zama tauraro huɗu, yara kuma na gamawa suna hamma. Gidaɗo ya ce masu rubuta darussa ne suka lalace, ba su da tausayi.

Sabuwar shugabar sashe, Madam Hiba, ta kira shi. Ta ce ana shawarar miƙa aikin ga kwamfuta.

“Kwamfuta ta taɓa hawa metro?” in ji shi.

“Ma'alish, yi haƙuri, Ustaz. Auna mini wannan gobe, sai mu yanke magana.”

Washegari ya zauna da takardar, ransa fes. Matariya ta wuce yana jimlar farko. Ya goge tabarau, ya tsawata wa mai tallan biro, ya sake farowa. Bai ɗago kai ba sai da jirgi ya wuce Ma'adi da tasha biyu.

Ya iso a makare, ya dire mata takardar.

“Biyar. Wanda ya rubuta wannan mugu ne.”

Hiba ta zaro wani tsohon fayil ta tura masa. Darasin ne dai, kalma da kalma, na shekararsa ta farko a makarantar. Tauraro ɗaya ne a sama, kuma a gefe, da rubutun hannunsa na ƙuruciya, an sa: “Ko jaki zai iya.”

Gidaɗo ya daɗe yana kallon takardar, kunya ta rufe shi. Ya mayar da jan bironsa na buga taurari aljihu, sannan ya sake ciro shi ya ajiye mata a kan tebur.