Telan da Ke Jikin Kwalin Shayi

Tela ya shekara da shekaru a lungun kasuwa ba wanda ya san da zamansa, sai da hotonsa ya fito a kwalin shayin rage ƙiba: a dama ga shi da tumbi, a hagu kamar sanda. Ƙanin matarsa, ma'aikacin kamfanin, shi ya ɗauki hotunan.

Da masu saye suka maka kamfanin a kotu, aka kira shi shaida.

"Kwali nawa ka sha?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, ko ɗanɗanawa ban yi ba. Taifot ce ta kwantar da ni."

Kamfanin ya sha kaye, tumbi ya dawo abinsa. Har yau mata kan leƙo shagon, su dubi cikinsa da tausayi, su ce, "Baba Tela, me ya sa ka daina sha?"