Waƙar da Ka Fara Yi wa Mahaifiyarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi Allah Ya karɓi ran Dogo, ɗan ƙanwata, mai rubuta waƙoƙin fim, bayan gajeriyar jinya.

Dogo, ni kawunka ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba mai canja mini shi.

Na tuna kwanciyar mahaifiyarka a asibiti, gadonta a jikin taga. Ta ƙi abinci, ta ƙi magana. Ka zauna a ƙasa, ka riƙe ƙafarta, ka rera mata waƙar da kake haɗa wa wani fim. Ta buɗe ido ta ce, "Kai, a kan wannan muryar ake biyanka?" Ta yi dariya har da tari. Wata mai jinya ta ɗauka a waya, ta sa a intanet. Mahaifiyarka ba ta sake dariya ba har ta rasu.

Da fim ɗin ya fito, waƙar ta shiga gasa, kowa ya ce kofin naka ne. Sai aka tono bidiyon. Ƙa'idar gasar, wai, kada jama'a su taɓa jin waƙa kafin fim. Har gobe ban yarda ba. Marasa lafiya, rabinsu na barci, su ne jama'a? Aka ce mini ai intanet ake nufi. To kai ka sa?

Mai fim ɗin ya same ka a shagona. Ya ce zai sa a goge bidiyon, kai kuma ka shaida wa alƙalan gasa ba a taɓa rera ta ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in ce ban yi wa uwata waƙa ba?"

Aka cire waƙar. Mai fim ɗin ya daina ba ka aiki, gidanka ya ji jiki. Ni na zage shi, kai ko sau ɗaya.

Jiya ya zo gaisuwa, ya raɓe a gefen tabarma. Da mutane suka ragu ya roƙi a nuna masa bidiyon, ashe bai taɓa kallo ba. Ya daɗe kansa a sunkuye. Na miƙa masa ruwa, don na san haka za ka yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da mahaifiyarka a Aljanna. Matarka da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri, Ya zama gatansu. Amin.