Malafar Nabor

A Santa Rita Yutanda ba a kiran sunan mace a filin taro. Ranar aikin gayya, gyaran hanya ne ko yashe kwatamin ruwa, mai shela kan hau matakalar ofishin gari da lasifika ya riƙa kiran magidanta, kowa ya amsa. In ya zo kan Nabor, muryar mace ce ke tashi daga can baya: "Yana nan!" Kusan shekara ashirin ana haka, har yaran da aka haifa bayan tafiyarsa suka ɗauka Nabor sunan matar ne.

Sunanta Gudelia. Nabor mijinta ne, ya tsallaka Amurka tsinkar inabi, ya ce damina biyu zai yi. Da farko yakan bugo waya duk Lahadi, daga baya sai Kirsimeti, daga nan shiru. Bai mutu ba, don masu dawowa sukan ce sun gan shi, har ya ajiye tumbi. Abin da ya bar mata shi ne jaririya Zenaida, gonar masara a gangaren dutse, da malafar kaba rataye a ƙusa.

Gona a garin nan ta gari ce, ana bar wa mutum ita muddin yana yi wa gari hidima. Kowane magidanci sai ya hau tsanin hidimar kyauta: ɗan aike, mai kula da maƙabarta, kwamitin makaranta, kwamitin ruwa, har ɗaukar nauyin bikin waliyyiyar gari. Wanda ya ƙi, a karɓe gonar, a yanke masa famfo, ran da ya mutu ma sai danginsa sun roƙi ramin da za a sa shi. Wanda ba ya nan sai ya sa wakili. Nabor bai sa kowa ba, ko a jikinsa. Gudelia ce ta sauko da malafar ta kifa a kanta, ta fita.

Ita ta yi aiken gari da goyo a baya. Ita ta nome ciyawar kaburbura. Shekarar da aka gina tankin ruwa, ta hau dutsen nan da buhun siminti a wuya har ƙashin bayanta ya karkace, kuma bai sake miƙewa ba. Da bikin waliyyiya ya faɗo kan gidansu ta sayar da awakinta kaf, ta ciyar da gari miyar talotalo da wainar masara, kowa ya ci har ya kwance ɗamara. A ƙarshe Kawu Atilano, dattijon da ke jagorantar taro, ya miƙe da kofin barasa ya ce, "Allah ya yi wa Nabor albarka, bai taɓa ba garin nan kunya ba." Aka tafa. Gudelia ta ji tafin daga bayan gida inda take kankare tukwane.

Kada a ce ba su sani ba. Sun sani sarai. Abin ya yi musu daidai ne kawai.

Sai ga shekarar da labari ya hauro daga birni cewa mata ma su tsaya takara, su kuma shiga layin zaɓe. Za a cike kujerar kansilan ayyuka, mai kula da hanya da tanki, kuma ba a ba kowa ita sai wanda ya taka tsanin nan duka. Ba albashi, sai wahalar shekara uku da wata sanda mai jan kirtani a ka. Gudelia ta so ta, so na gaske. Tana da shekara arba'in da wani abu, haƙoranta sun fara zubewa, kuma abin da take nema bai wuce ta ji lasifikar nan ta ce Gudelia, ko sau ɗaya, ta amsa da bakinta don kanta.

A Yutanda abin kunya ne mutum ya fito fili ya ce yana son kujera. Sai dai ya bi gida-gida da ɗan burodi, a zauna a yi hirar damina, har maganar ta ɓullo da kanta. Haka ta yi. Ko'ina aka ci burodin, aka ba ta baki.

"Ai ke namiji ce, 'yata," in ji Kawu Atilano yana tsoma nasa a kofi. "Wa zai ja da ke?"

Petrona, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ta riƙe Zenaida ranar baftisma, ta dafa ƙirji ta ce ita za ta ambaci sunanta a taro.

Mutum ɗaya ne bai ɓoye adawarsa ba, Tiburcio ƙanin Nabor. Ya san in sunan Gudelia ya shiga bakin taro gonar za ta bi sunan, shi kuwa ya daɗe yana auna gonar nan da ido. Ya tare ta a bakin injin niƙa.

"Matar yaya, an ce sanda kike so. Muciyar fa, ta yi miki kaɗan?"

"Muciyar ce ta cika ka ran biki, har ka ƙunsa saura a riga ka kai gida."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙori ba.

Ranar zaɓe ta yi wanka da sassafe, ta sa rigar saƙin da take ajiyewa don coci, Zenaida ta yi mata kitso da jan ƙyalle. Malafar kuwa ta bar ta a ƙusa. Gari ya cika filin ƙwallon kwando da ke gaban ofis. Yadda ake yi, 'yan takara su fuskanci bango su ba jama'a baya, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so.

Da aka zo kan kujerar ayyuka, Petrona ta ɗaga hannu ta ce "Gudelia," da wata murya kamar mai tambayar bashi a gidan makoki. Mai shela ya kai lasifika baki ya ce, "Matar Nabor ta tsaya!"

Gudelia ta haɗiye wannan, ta taka zuwa bango. Kafin ta kai, Tiburcio ya miƙe.

"Kawu, tambaya gare ni. Shekarar tanki, sunan wa aka kira?"

"Nabor," in ji mai shela.

"Maƙabarta fa? Bikin waliyyiya fa?"

"Nabor."

"An taɓa kiransa aka ce ba ya nan?"

Dariya ta fara daga wajen samari ta bazu.

"To jama'a, mutumin da bai taɓa fashi ba shekara ashirin, yau za a tsallake shi a ba wadda ko ɗan aike ba ta taɓa yi da sunanta ba? Ni na ambaci yayana."

Kawu Atilano ya shafa gemu ya ce magana ce mai kan gado, su biyun su tsaya. Aka jawo kujerar roba aka ajiye kusa da ita a gindin bango, Tiburcio ya zaro wani abu daga jakarsa ya ɗora a kai. Ta wutsiyar ido ta gane ta. Malafar ce, ya bi ta gidanta ya ɗauko. Ga baƙin shatin zufa a kewayenta, wanda ba na Nabor ba ne, ga igiyar da ta ɗinka mata da hannunta.

Aka ce a shiga layi. Ta kafe bango da ido tana jin jan takalma a kan siminti, da yawa, kusa-kusa, ba ta iya bambance inda suke tsayawa. Wani ya yi tari daidai bayanta, zuciyarta ta yi sanyi. Ta tuna duk gidajen da suka ci burodinta, ta ce a ranta ba za su yi mata haka ba.

"A juyo!"

Mutum biyu ne a bayanta. Zenaida, fuska sharkaf da hawaye, sai wani kurman tsoho da inuwar bango ta kawo shi. Layin malafa kuwa ya zagaye filin ya fita har ƙofar coci, maza da mata. Petrona tana tsakiya, ta ja mayafi ta rufe baki.

Bai ishe su ba. Tiburcio ya latsa waya ya kara ta a bakin lasifika, sai ga muryar da Gudelia ta shekara goma ba ta ji ba ta cika garin, ta yi kauri, tana ƙamshin ƙoshi. Ashe lambar tana nan, ita ce dai ba ta da ita.

"'Yan'uwa, na gode da kuka ga wahalata," in ji Nabor. "Aiki ya riƙe ni, amma ba komai. Matar nan tana nan ai, ta san yadda ake yi."

Aka tafa, wasu har da fito. Ko gaishe ta bai yi ba.

Petrona ta lallaɓo ta riƙo hannunta. "Ƙawata, kada ki riƙe ni. Ta kowace hanya ke ce za ki yi aikin, to mene ne na ɓata wa maza rai?"

Gudelia ta zare hannunta. Ta kama hanyar gida.

"Inna, ki bar musu," in ji Zenaida a hanya. "Su sa malafar ta gyara musu tanki."

Gudelia ta tsaya ta dubi gangaren dutse. Masarar ta bushe tana jiran karya, kowane dutsen da ke tare ƙasar gonar ita ta ɗora shi. A ƙasa, Tiburcio yana jingine da motarsa, shi ma can yake kallo.

Ranar ɗaya ga Janairu aka raba sanduna. Sababbin kansiloli suka jeru a kan kujeru da fararen riguna, kujerar ayyuka kuwa aka gitta mata sanda, aka kifa malafar a kai. Kawu Atilano ya ce wakili ba ya riƙe sanda kuma ba ya zama a jeri, al'ada ce, sai aka nuna wa Gudelia gefen ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Mai shela ya kira kansiloli, kowa ya amsa.

"Nabor!"

Shiru.

"Nabor!"

Tiburcio ya gyara tsayuwa, murmushi ya fara buɗe masa baki. In aka kira na uku ba amsa, gona ta tafi. Duk filin ya juyo yana kallonta, kuma a cikinsu babu wanda ya kira ta.

"Yana nan," ta ce.