Dakta Fibi da Ƙafafun Babanta

A Gozaki aka haifi Fibi, a gidan Malam Adam, wani manomi Kirista mai noman dawa da auduga. A cikin 'ya'yansa ita ce karatu ya yi nisa da ita: daga firamaren ƙauye zuwa makarantar kwana a Malumfashi, daga nan sai Zariya karatun likita.

Yawancin ƙawayenta fannin haihuwa ko na yara suka zaɓa. Ita kuwa jijiya ta bi. Abin da ya ja ta wata mata ce da ta gani a asibiti, da ta miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ta ta faɗi. Dangi sun gaji da kai ta wajen masu cire iska, alhali jijiyoyin da ke daidaita gudun jini ne suka gaza. Irin waɗannan jijiyoyi ba sa jiran umarnin mutum: su ke kula da bugun zuciya, su fitar da gumi, su motsa abinci a ciki. Fibi ta ƙudura sai ta san su ciki da bai.

Neman ƙwarewa ya kai ta Turai. Da niyyar 'yan shekaru ta tafi, sai zama ya miƙe. Ta auri Sulemanu, ɗan wajen Funtua mai aikin injiniya a can, suka haifi yara biyu. Sunanta ya fito, har daga wasu garuruwa ake turo mata marasa lafiyar da aka rasa gane kansu. Amma duk lokacin da wayar gida ta ce mata ruwan shuka ya sauka, yini take yi ba ta da sukuni. Sai ta riƙa jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancinta, tana ganin babanta da sungumi a gaba, su yara suna bin bayansa suna zuba iri suna rufewa da diddige. Kowace shekara takan ce wa Sulemanu, "Baɗi dai a gida zan yi damina." Shi kuma ya ce, "Allah ya kai mu."

Wata rana yayarta Dinatu ta kira ta.

"Baba ya taka kututturen kara a gona. Har ya iso gida bai sani ba. Ni na ga jini a ƙofar zaure na bi sawu."

Fibi ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta san yana da ciwon sukari, ta kuma san ba ya son magani.

Ta iso Gozaki dawa ta kai gwiwa. Ta zaunar da shi a tabarma, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta, ƙafar da ta yi kaushi ta tsattsage. Ta ce ya rufe ido, ta taɓa babban yatsa da ɗan tsinke.

"Baba, ka ji?"

"Kin fara ne?"

Ta matsa zuwa idon sawu, shiru. Sai da ta kai ƙwauri ya ce ya ji wani abu kamar daga nesa. Da ya miƙe kuma sai ya dafa bango, ya ce ai ya daɗe yana ganin duhu-duhu in ya tashi.

"Ni ba ciwon ne ya dame ni ba, Fibi," in ji shi. "A da in na shiga gona da safe bayan ruwa, sanyin ƙasa har ka nake jin sa. Yanzu kamar a kan katifar wani nake tafiya. Zai dawo?"

Ta sha ba baƙi amsar irin wannan tambaya da Turanci. Yau kuwa da Hausa za ta ba da ita, kuma ga babanta.

"Ba zai dawo ba, Baba. Amma za mu hana shi yin gaba."

Ya gyaɗa kai, ya ce to. Ta sayo masa takalmi mai taushi, ta koya wa Dinatu duba masa tafin ƙafa kullum, shi kuma ta ce ya riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ya miƙe. Hutunta ya ƙare ta koma, da alkawarin za ta dawo gaba ɗaya.

Dawowar ba ta zo da wuri ba. Yara suna tsakiyar karatu, aikin Sulemanu kuma bai sake shi ba. Kafin ta sami gurbi a wani asibitin koyarwa a nan Arewa, Malam Adam ya rasu. A waya ta ji waƙoƙin da aka yi a jana'izarsa.

Duk da haka ta dawo, ita kaɗai, maigidan da yaran suka zauna can har su gama makaranta. Yanzu a ƙarshen kowane wata takan zo wani ƙaramin asibiti kusa da Malumfashi. Manoma daga Dayi da Musawa kan zo a kan babur, su tuɓe takalma su miƙa mata ƙafa. Da yawa ta tari ciwon nasu da sauran dama.

In ta tashi aiki takan kwana a Gozaki, a ɗakin Dinatu. Wata maƙwabciyarsu, Iya Tasalla, ba ta fasa shigowa da ƙwaryar fura, ta zauna ta tambaye ta yaran.

"Suna lafiya, Iya. Babban ya fi ni tsawo yanzu."

"Suna jin Hausa kuwa?"

"Kaɗan-kaɗan." Fibi ta juya ludayi a cikin furar. "Sun ce za su zo da Kirsimeti."