Biron da Wilf Ya Ara

A garinmu na Marlsea, can bakin teku a arewacin Ingila, babu wanda bai san Wilfred Ackroyd ba, domin shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu gida-gida. Da ya yi ritaya sai ya ga bai dace hannunsa ya rabu da ambulan ba, ya koma rubuta su. Ya rubuta wa jaridar gari a kan agogon kasuwa da ke latti da minti huɗu, ya rubuta a kan bencin da aka ɗauke daga tashar bas ba tare da an shawarci masu zama a kai ba. Wilf mutum ne mai son a baje komai a faifai. In ka ba shi shayi sai ya tambaye ka wane ganye ne.

Matarsa Anneke 'yar Holan ce. A jirgin ruwa suka haɗu a shekarar 1978, yana rungume da ƙarfen jirgi yana ta amai, ta miƙa masa alewar na'ana'a ta ce ya daina kallon ruwa. Shekara talatin da tara ke nan tana cikinmu. Ita ke dafa shayi a zauren coci duk lokacin taro, kuma ta fi mu iya ƙorafi a kan ruwan sama. Ba ta taɓa neman takardar zama 'yar ƙasa ba, don babu wanda ya taɓa tambayarta.

To, wannan Wilf mai son faifai yana da abu guda da ya danne a ƙasan cikinsa. Ranar da aka yi ƙuri'ar ko mu zauna a Tarayyar Turai ko mu fita, Anneke ba ta da ƙuri'a, tunda a takarda baƙuwa ce. Ita ta kawo hoton masu cewa a zauna, shi da kansa ya manna mata a taga, har yana ja da baya ya ga ko ya karkace. Sannan ya fita, ya haɗu da abokinsa Norman, mai soya kifi da dankali a bakin tasha, suka je suka zaɓi a fita. Mahaifin Wilf masunci ne, kuma tun yana saurayi yake kallon jiragen kamun kifi suna raguwa a gaɓarmu ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora laifin a kan dokokin Tarayyar, haushin nan ne ya kai shi. Bai zaci za su ci ba. Abin da ya fi muni, ko sau ɗaya Anneke ba ta faɗo masa a rai ba a ɗakin zaɓen, don ya daɗe da manta cewa ita ba 'yar nan ba ce. Da ya dawo gida ta ce, "An yi?" Ya ce, "An yi." Ta ɗora buta a wuta, maganar ta tsaya a nan.

Shekara ɗaya da rabi ya yi yana kwana yana tashi da wannan abu. Duk lokacin da rediyo ya ce ba a san makomar 'yan Turai mazauna ƙasar ba, sai Wilf ya miƙe ya ce bari ya duba ko ya rufe ƙofar lambu. Tsoro yake ji ƙwarai, kada ta gano, kada kuma ta tafi.

Ana nan sai aka fara cewa gwamnati ta sa an bincika abin da fitar za ta jawo wa ƙasa, amma ta ƙi fito da takardun. Wilf ya samu inda zai sauke abin da ke cinsa. Ya zauna a teburin kicin ya rubuta wa wani ofishi a Landan cewa a matsayinsa na ɗan ƙasa yana son ganin takardun nan, musamman inda aka yi maganar matan mutane. Ba a amsa ba, ya sake. Sai da ya aika arba'in da ɗaya, sannan wata safiya aka jefo masa ƙatuwar ambulan. Shafi goma sha biyu ne a ciki, an bi kowane layi an shafe da baƙin tawada. Abin da ya tsira shi ne lambar shafi, da gaisuwa a sama, da kalmar "kifi" sau ɗaya a shafi na bakwai.

A makon ne kuma wasiƙa ta zo wa Anneke daga ƙanwarta a Holan. Ta karanta, ta ninke, ta sa a aljihu. Washegari Wilf ya sauko ya tarar da babban akwatin tafiyarsu, wanda ke zaune a kan kabad tun bikin 'yarsu, yana tsaye a ƙasan matakala. Ya ɗauka tafiya za ta yi. Amma mu a nan ba a tambayar irin wannan abu, sai a jira mai shi ya faɗa. Ya raɓa ta gefensa ya ce, "Yau kamar za a yi ruwa." Ta ce, "Haka suka ce." Mako uku yana raɓa akwatin nan safe da yamma, har ya fara ajiye hularsa a kai.

Ranar wata Asabar da rana aka kira taro a zauren coci, a tattauna ko ya kamata gwamnati ta fito da takardun. Misis Pickles, tsohuwar shugabar makarantar firamare, ita ke jan ragama, da ƙaramar ƙararrawa a gabanta. Anneke na can baya wajen tukunyar shayi da faranti biyu na biskit.

Norman ne ya fara tashi, yana ƙamshin man suya.

"Ni fa ban ga abin ta da hankali ba," in ji shi. "Ciniki ake yi da mutanen Turan can. Wa ya taɓa zuwa sayen kifi ya fara da gaya wa mai jirgi cewa shagonsa babu ko ƙaya? Ka yi shiru, ka ɓata fuska, ka ce kifin ma bai yi maka ba. In an baje takardun nan, ai su ma sun iya karatu."

Rabin zaure ya yi gyaran murya alamar yarda, don mu ba mu cika tafi ba.

Wilf ya miƙe da ambulan ɗinsa. Ya zare shafi na bakwai ya ɗaga sama, ya juya da shi dama da hagu.

"Jama'a, ga abin da aka aiko min. Mai tabarau ya sa, ya karanta mana. Ni dai kifi na gani, ban san ko a ruwa yake ko a faranti ba."

Aka yi dariya, har da mutanen Norman. Dariyar nan ce ta ja shi, don Wilf bai saba a yi dariya a inda ya nufa ba. Ya gyara tsayuwa.

"Wanda bai da abin ɓoyewa ba ya ɓoyewa. In alheri ne a ciki, me ya hana a nuna mana? Mutanen da za ka zauna da su har mutuwa, ba ka rufe musu abin da ya shafi rayuwarsu. Wasu dai sun je sun yi mana cinikin biri a sama, yanzu ko jelarsa an hana mu gani."

Norman ya juyo a hankali a kan kujerarsa. Shekara ɗaya da rabi yana riƙe wa abokinsa asiri, amma a kira shi mai cinikin biri a gaban masu sayen kifinsa, wannan ya wuce gona da iri.

"Wasu, Wilf? Su wa ke nan wasun? Tunda yau ranar baje koli ce, mutumina, baje mana naka. Kai wanne ka zaɓa?"

A garinmu gara ka tambayi mutum ciwon da ya kai shi asibiti da ka tambaye shi abin da ya zaɓa. Misis Pickles ta kaɗa ƙararrawa ta ce tana ganin lokacin shayi ya yi, amma babu wanda ya motsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ga shi yau an nuna wa Wilf inda ƙafarsa take.

Da ya so, da ya ce ƙuri'a sirri ce, kuma kowa zai ba shi gaskiya. Ya buɗe baki ma zai faɗa. Sai ya hango Anneke riƙe da butar shayi tana kallonsa, shi kuma ga baƙin shafi a hannunsa har yanzu a sama. Ya sauke hannun.

"A fita na zaɓa," ya ce. Muryarsa ba ta kai layi na uku ba, sai ya sake. "A fita na zaɓa. Anneke, na ɓoye miki, na ci amanarki. Ki yi haƙuri."

Duk kawunan zauren suka juya baya. Anneke ta gama cika kofin da ke gabanta tukuna.

"Ai na sani, Wilf."

"Kin sani? Norman, kai ne ka..."

"Bar Norman. Birona ka ɗauka ranar zaɓen, koren nan da nake rubuta cefane. Fensir ake ajiyewa a ɗakin zaɓe tun kafin a haife ka. Su wa suka yi ta yawo a makon nan suna cewa kowa ya je da bironsa kada a goge masa ƙuri'a? Mutanen Norman ne, masu cewa a fita. Ka manna min hoto a taga, ka sa birona a aljihu ka fita. Da ka dawo ma a gwangwanin cokula ka mayar da shi."

Wani ya tuntsire da dariya a gaba, matarsa ta zungure shi. Norman ya shiga duba takalminsa. Misis Pickles ta sake kaɗa ƙararrawa, wannan karon kowa ya tashi da sauri ya shiga layin shayi. Wilf ma ya bi layi, don bai san wani abin da zai yi ba. Da ya iso gaba ta zuba masa, ta sa sukari cokali ɗaya maimakon biyun da ya saba.

A hanyar gida yayyafi ake yi, suna tafe a ƙarƙashin laima ɗaya. Da suka shiga, ga akwati nan inda yake. Wilf ya cire hula, ya tsaya da ita a hannu.

"Yaushe za ki tafi?"

"Ina?"

"Wajen ƙanwarki. Ga akwati."

"Ka buɗe shi?"

"Ba nawa ba ne."

"Babu kwaɗo a jikinsa, Wilf. Ka rubuta wa Landan sau arba'in da ɗaya a nuna maka takardu. Buɗe."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ɗaga murfin. Babu ko riga ɗaya a ciki. Takardu ne cike, an ɗaure su shekara-shekara da roba: katin asibitin haihuwar 'yarsu, katin laburare, wasiƙun makaranta, takardar aurensu, har da shaidar gasar kek ɗin da ta zo ta biyu. A saman su duka ga fom ɗin neman izinin zama, mai shafi tamanin da ɗoriya.

"Ƙanwata ta ce in dawo gida," in ji Anneke. "Na ce mata ai ina gida. Amma yanzu sai na kawo shaida cewa nan nake tun da, ni da na binne iyayenka biyu a garin nan." Ta zauna a kan matakala. "Ƙuri'arka ta yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ƙuri'a minti ɗaya ce. Shekara ɗaya da rabi ina zuba maka shayi ina jira ka faɗa min da bakinka, wannan ne ya fi ci min rai. Mako ukun nan kuma kullum ina cewa yau zai tambaya. Sai ka ɗora hula."

Wilf ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ga kuma wani sanyi a ransa da ya ji ba za ta tafi ba. Hawaye ya zubo masa, bai ko yi ƙoƙarin cewa mura ce ba.

Ta tashi ta shiga kicin, ta dawo da koren biron, ta ɗora shi a kan fom ɗin.

"Kai ne mai rubutu a gidan nan. Cika."

Ya kwashi fom ɗin zuwa tebur, ya sa tabarau. Ya rubuta sunanta, ya rubuta ranar haihuwarta ba tare da ya tambaya ba. Da ya zo inda ake tambayar ranar da ta shigo ƙasar, hannunsa ya tsaya, don ya tuna jirgin da alewar na'ana'a.

"Sha huɗu ga Mayu," ta ce daga wajen buta. "In ka gama ka mayar min da shi inda ka gan shi."