Baba Abraham da Duwatsun Niƙa Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da ɗoriya ke nan Baba Abraham yana tasowa daga Masaka da sassafe, diga da rariyar ƙarfe a kafaɗa. Lebura ne na masu binciken kayan tarihi. Kafin a gina gidaje a fili, shi ke haƙa ramin gwaji, ya tankaɗe ƙasa, ya ware tsingaro. A wannan watan ya ajiye aiki.

Na san shi a shekarar da fadar gwamnati ta taso daga Legas. Ina ƙaramar ma'aikaciya a ofishin ba da izinin gini, aka tura ni wani kufai bayan Apo in rubuta rahoto, domin katafila za ta shiga ranar Litinin. Haƙa ta fito da duwatsun niƙa goma sha ɗaya, kowanne a kife. Shugaban masu binciken, Dokta Manniru, ya ce in rubuta cewa madafai ne, babu abin da zai hana gini. Na rubuta.

Baba Abraham ya ɗago daga cikin rami ya ce, "Oga, wace mace ce take niƙa a kan bayan dutse?"

"Haƙa aka ɗauke ka yi ko lacca?" in ji Dokta.

"Haƙa, ranka ya daɗe. Amma nan garinmu ne kafin a tashe mu. In mace ta rasu, dutsenta ake kife mata a kan kabari. Na ukun can na kakata ne. In kora ce a kore ni, diga dai ba za ta ƙara sauka nan ba."

Alƙalami ya tsaya mini. Mai digiri ya ce madafa, lebura ya ce maƙabarta, takarda kuwa layi ɗaya ta ba ni. Har yau ban san abin da ya sa na soke maganar Dokta na rubuta ta lebura ba, ban kuma gane dalilin da Dokta ya karanta, ya sa hannu ba. Allah ne masani. Aka janye gidaje huɗu daga taswira, aka kewaye wurin.

Abin da ke ɗaure mini kai, Baba, shi ne sauran rahotannin da na rubuta a wuraren da babu irinka. Ban san kan wa na ba da izinin gini ba.

Kai ne ka tsaya wa matan da ba su da bakin magana. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka gaje mu a ofis, ku leƙa rami ku tambayi mai diga kafin ku cike layin.